Silifas ɗin Bibi

Zakara Balwant ya wurgo ni waje daga dandamali, alƙalin wasa ya fara ƙirge. In ya kai goma ban koma ba, kambu ya wuce ni.

Ni ne Baƙin Kumurci, mugun ɗan kokawar da duk birnin Jalandhar ke tsine wa, kullum fuskata a rufe. A gida kuwa, na ce wa mahaifiyata Bibi babbar mota nake tuƙawa.

Ina ɗagowa sai ga ta a layin gaba, silifas a hannu. Bibi!

Kafin in ankara bayana ya sunkuya da kansa, na taɓa ƙafafunta don gaisuwa kamar kowace safiya. Kyamara tana kaina, kowa na kallo. Shekara biyu ina gina mugunta!

Fas! Silifas a ƙeyata. Jama'a suka ɓarke da ihu.

Ta jawo kunnena. "Shashasha, ina ka taɓa ganin mugu yana gaisuwa? Gurtej, wa kake zaton yake ɗinke maka hular fuskar nan da kake ɓoyewa a buhun alkama? Alƙali ya kai takwas, ɗan nan. Hau ka ƙwato mini kambuna!"