Wa Ya Tara Matan Gangara?

Tun hantsi matan Gangara suka zagaye itatuwan gawo, suka hana masu gatari matsowa.

Alhaji Rilwanu, dillalin itace mai neman kujerar majalisa a zaɓen jam'iyyu na farko, ya iso da jami'an jandarma biyu yana kaɗa takarda.

"Daga ofishin gwamnati na samo izini. Ku kama wadda ta tara su."

"Gawon nan ke riƙe mana ƙasar gona," in ji wata murya daga tsakiyar mata. "Ni na tara su."

Wata tsohuwa ta fito, ta miƙa wa jandarma hannuwanta. Takardar ta suɓuce wa Alhaji.

"Ɗaure ni, yaro," ta ce wa jandarman, tana nuna Alhaji. "Ni na haife shi. Ba ya janye magana, kuma ni ya gado."