Ƙwallon Dattijo

Baba yana karatu a Alƙahira, da rana kuma yana baje yashi a wani filin golf da ya yi suna wajen wuya. Ranar babbar gasa ya tafi da ni, ina 'yar shekara takwas. Ƙwallon wani dattijo ya gangaro gabana. A gidanmu in abin babba ya faɗi, ɗauko masa ake yi. Na ruga na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu. Ashe ba a taɓawa. Ana yi wa Baba tsawa yana ta ba da haƙuri da Larabci, "ma'alish", sannan ya raɗa mini, "Uwata, ni na koya miki." Har yau in abu ya faɗi, sai na dubi jama'a kafin in sunkuya.