Ƙwayar da Norio Bai Sha Ba

Kwanon miya ya suɓuce daga hannun Norio, ya kife a kan tabarma.

"Ka koma wa ƙwayar barcin nan ko?" matarsa Fumie ta daka masa tsawa. "Dubi yadda hannunka yake rawa! Na gaji, Baban yara. Sau nawa zan roƙe ka ka daina?"

Sai kawai ya zube yana shure-shure.

A asibiti ta tare likita, ranta a ɓace. "Guda nawa ya haɗiye?"

"Ko ɗaya," in ji likitan. "Abin da ya kusa kashe shi ke nan. A hankali ake rage irin wannan magani. Wa ya sa shi dainawa lokaci guda?"

Norio ya buɗe ido da ƙyar. "Alkawari na yi mata."