Sabuwar A-kori-kura da Itacen Ƙetaren Rafi

Haladu, zauna nan. An ce mini injin ban ruwan da ka saya har yau yana cikin kwalinsa, kana leƙa shi safe da yamma, albasarka kuwa tana can tana jiran guga. Ni ba mai yawan magana ba ne. Misali ɗaya zan ba ka, in ka ji ka tashi.

An yi wani mai sayar da itace a wani ƙauye. Shekara da shekaru da jakuna yake aiki, har Allah ya hore masa, ya sayar da jakunan ya cika, ya sayo a-kori-kura sabuwa fil, fara sol. Ranar da ta iso duk gari aka fito, ana shafa ta ana sa albarka. Daga ranar nan mutumin ya rasa sukuni. Ya kafa mata rumfa. Ya ƙi cire ledar kujeru. Kullum da safe sai ya wanke ta, alhali ba inda ta je. In aka yi maganar ɗauko itace, sai ya dubi fentin bayanta, ya tuna kaushin kirya da marke, ya ce a bari tukuna. Har kazar matarsa ta gane wurin ba mai taɓawa, ta hau baya ta zuba ƙwai. Matar ta ce, "Maigida, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa ganin akurki mai taya huɗu ba sai a gidanka."

To, duk itacen da ya sara da rani yana jibge a ƙetaren rafi, kuma shi ne abincin gidansa na damina. Rafin nan, da ruwan farko ya gangaro daga tudu ya cika ke nan, ba mai ƙetarewa da kaya sai kaka, kafin nan gara ta gama da itacen. Da ya ga hadari ya fara haɗowa a gabas kullum da yamma, ka san abin da ya yi? Ya je ya ɗauki hayar motar maƙwabcinsa, wata akwala wadda sai an tura take tashi. Tasa tana rumfa. Sawun farko ya iso gida lafiya. A na biyu akwala ta mutu a tsakiyar rafi da cikakken lodi, tayoyinta suka nutse cikin yashi. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa. Maƙwabcin ya ce, "In ruwa ya same mu a nan, da motata da itacenka duk sun tafi."

Mai itace ya sheƙa gida da gudu. Ya kwashe ƙwan kaza ya zuba wa matarsa a ƙwarya, ya tada amaryar motarsa, ya shiga rafi da ita a hankali kamar mai taka ƙaya. Suka ɗaura sarƙa, ya ja. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna haƙa rami suna watso yashi, akwala ko motsi. Maƙwabcin ya ce, "Bayanta ba komai, ba za ta kama ƙasa ba. Sai an loda mata." Mutumin ya dubi fenti, ya dubi sama. Ya sake duban fenti. Sannan ya sunkuya da kansa, ya ɗauki gungumen kirya mafi kaushi ya cilla ciki. Gungumen ya karce fentin tun daga baki har ƙarshe, kana jin ƙarar daga nesa. Daga baya ya gaya wa mutane wai a lokacin ji ya yi kamar an cire masa ƙaya daga tafin ƙafa. Suka kwashe rabin lodin akwala suka zuba mata, ta zauna daram a kan tayoyinta. Ya sa giya ta ɗaya, ya taka a hankali, sarƙa ta miƙe, akwala ta biyo ta kamar akuya a igiya har tudu. Bai kashe inji ba. Ya juya ya koma ƙetare, ya yi ta sawu, har ya haye da lodin ƙarshe yayyafi yana sauka a kan gilashi. Da gari ya waye rafi ya cika maƙil, itace kuwa yana ƙofar gidansa.

Yau in ka ga motar nan ba za ka ce ta taɓa zama amarya ba. Bayanta duk tabo, ledar kujeru ta daɗe da yagewa. Ita ke kai wa masu burodi da masu tuwo itace, sarƙar nan kuma tana bayan kujera, duk wanda ya kafe a hanyar shi ake kira, yana zuwa ya ja shi. Ran Juma'a kaɗai yake wanke ta. Barci yake yi har da minshari, gidansa ba a rasa tuwo ba, kaza ta koma akurkinta.

Shi ke nan misalin. Tashi ka yage kwalin nan ka kai injin bakin rijiya, in ya yi taɓo ya yi. Hausawa ba su faɗa a banza ba: amfanin abin ado, ɗaurawa.