Ranar da Clarrie Ya Je Neman Aiki

Noeleen ta ɗaura wa mijinta Clarrie bel a kujerar gaba, ta tada tsohuwar akori-kurarsu, ta nufi tsakiyar garin Broken Hill.

"Yau za su gan ka, tsohona," in ji ta. "Tun da sun nace."

Clarrie ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin haƙar ma'adinai, ƙura ta cinye masa huhu. Da ya nemi tallafin masu lalura, wata ma'aikaciya ta sa shi ya ɗaga hannu, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ta ce ai zai iya aikin zama. Aka mai da shi layin marasa aikin yi. Dokar wannan layi kuwa ba ta da kara: mutum ya zo da kansa ranar da aka kira shi, ko a yanke masa tallafi.

Noeleen ta yi ta buga waya don ta yi musu bayani, na'ura ce kawai ke amsawa. Jiya kuma sai ga saƙo: Clarrie ya tsallake ganawa, wannan ne gargaɗi na ƙarshe.

A ofishin tallafin ba ta nemi kowa ya kama mata ba. Ita ta shigo da shi, ta ratsa layi. Masu jira suka yi ta darewa.

Jami'in, wani mai suna Dunstan, idonsa na kan kwamfuta.

"Malam Clarrie Tregonning ya zo da kansa?"

"Ga shi gabanka."

"Madalla. Akwai gurbin gadi a wata ma'ajiya. Zama ne kawai."

"Zama kam ya ƙware. Ba ya gardama, ba ya neman hutu. Tarin ma ya daina."

Sai a lokacin Dunstan ya ɗago kai. Ya dubi abin da ke gabansa.

"Uwargida, don Allah... ba mu sani ba..."

"Ku kuka ce lafiyarsa lau. To ga shi, ku samo masa aiki. In ya tashi ku kira ni, da bakin mutum, ba na'ura ba."

Ta rataya jakarta ta fice, kanta a sama. A kan teburin Dunstan ta bar ƙaramin tulun da aka zuba tokar gawar Clarrie bayan an ƙona ta makon jiya.