Tukunyar Da Aka Liƙe

Kana ce mini tsarki sai ranar da Mulkin Allah ya zo, yanzu dai a bar mutum ya ci abinci yadda ya samu. To gyara zama, in ba ka labarin wata maginiyar tukwane.

Matar nan hannunta na da kyau, ko maƙiyinta ya shaida. Ita ta gina tulun da ake zuba ruwan baftisma a majami'ar ƙauyensu, kwana tara tana goge shi da dutse. Amma tukwanen kasuwa wani abu ne daban. In ta kwashe su daga wuta ta ga wata ta yi tsaga siririya kamar gashi, ba ta yar da ita. Sai ta cusa yumɓu da ƙaro a tsagar, ta shafe da ruwan ɓawon ɗorawa tun da zafi, ta jera ta cikin masu lafiya. Ta ƙware har mai saye ya ƙwanƙwasa ya ji ƙara garau. Wata Lahadi mai bishara ya karanta musu annabci, cewa rana na zuwa da Allah zai yi sarauta bisa duniya duka, har tukunyar tuwo ta zama mai tsarki kamar kwanonin gidan Ubangiji. Maganar ta soke ta, ta sunkuyar da kai. Amma kafin ta kai ƙofar gida ta gama lallashin zuciyarta. Ta ce a ranta, in ranar ta zo ita ce ta farko da za ta farfasa liƙaƙƙun, yanzu kuwa itacen gasa tukwane ba ya zuwa da ƙafarsa.

Ana nan 'yarta tilo ta zo goyon ciki, ta sauka lafiya, namiji. Sai neman babbar tukunyar da za a riƙa dafa ruwan wankan jego. Maginiya ta shiga ɗakin ajiya. Manya shida ne a jere, ta san biyu a cikinsu liƙaƙƙu ne, amma waɗanne? Ta ƙwanƙwasa, ta juya, ta ɗaga su a hasken rana. Aikin da ta yi don ya ruɗi baƙo, ga shi ya ruɗe ta. Kunya ta hana ta aro a maƙwabta, kada a ce gidan maginiya ba tukunya. Ta ɗauki wadda ta fi sheƙi, ta ɗora. Rana ta huɗu da safe, an kwana ana ruwan sama, mai jego ta matso bakin murhu tana jin ɗumi da jariri a cinya. Ruwa na tafasa, tukunya ta rabe biyu.

Yaron bai kai ranar suna ba. Uwarsa ta warke da tabo, ta koma ɗakinta, ba ta ƙara tako gidan ba. Maginiya ta tsinci gutsuren tukunya cikin toka, ga layin ƙaro ya narke, ga shatar babban yatsanta a gefe. A ranar ta farfasa duk abin da ke ɗakin ajiya, alkawarin da ta ajiye wa ranar Mulki ke nan, bai kuwa dawo da kowa ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, har ta tsufa ba ta fasa zuwa majami'a ba. Takan zauna can baya inda ba za ta hangi tulunta ba, ta yarda ranar tana zuwa, yardar ce kuma ke sa ta kuka.

Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini ran zane.