Telan da Gidan Ubansa Ya Hana Numfashi

Tunda ka ce ciwonka yana da ƙafa, yau ya zo gobe ya tafi, bari ka ji na wani tela.

Telan nan ya yi shekaru a Kurmi, can kudu, yana ɗinki, sai da mahaifinsa ya rasu ya ɗaure kekensa ya dawo gida. Da ma yana da asma, wadda tsofaffi ke kira fuka, amma a can ta yi lamo, har yakan manta inda ya ajiye ɗan abin shaƙar da aka ba shi a asibiti. Ma'aikaciyar da ta ba shi ta gaya masa ciwon nan ba ya tashi haka kawai, ya sa ido ya gane abin da ke tsokano shi. Ranar da ya sauka, mahaifiyarsa ta share masa ɗakin marigayi, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta haɗin Barno da ta daɗe tana ɓoyo saboda wannan rana, ta ja ƙofa don ƙamshi ya kama ɗaki. Da ya shiga, bai daɗe ba ƙirji ya ɗaure, numfashi na fita da kuka kamar an taka ɗan tsako. Washegari ma haka. Ya koma Kurmi kwaso sauran kayansa, ya ji shi garau. Ya dawo, ciwo ya dawo. To ya sa ido kamar yadda aka ce masa, sai dai a kan mutane ya sa.

Wanda idon ya faɗa wa shi ne baffansa, ƙanin mahaifinsa, da ya noma gonar gado duk shekarun da tela ba ya nan. Wa zai ci riba in gida ya gagare shi zama? Ya tabbatar wa kansa kurciya aka yi masa, asirin nan da ke hana mutum zaman garinsu. In baffa ya zo yi masa sannu, ya ce ya zo duba ko aiki ya ci ne. In bai zo ba, ya ce rashin gaskiya ne ya hana shi. Tuwon da ake aikowa daga gidan baffa kaji yake zuba wa, ya zauna yana jiran su faɗi. Kaji suka yi ta ƙiba. Ya tone bakin ƙofa yana neman abin da aka binne, ya ci karo da tsohuwar ƙusa, ya ce ai ga ta nan. Ita kuwa mahaifiya, ganin ɗanta na neman suma a gabanta, ta karɓo hayaƙin tsari wurin wani mai magani, sassaƙe da saiwoyi, ta ƙara a kan turaren, har tana lulluɓe shi da zane don ya shaƙa sosai. Ciwo ya yi ta hawa, har ran nan sai riƙe shi aka yi a kan babur zuwa asibiti. Yana warwarewa, ya tsaya gaban dattawan unguwa bayan sallar la'asar ya amayar da zargin da ke cikinsa a kan baffa. Baffa da ke wurin ya miƙe. Ya sa takalmansa ya tafi, ya aiko a gaya masa ga gonarsa nan, har da geron da ke tsaye a ciki.

Wannan ma bai kwantar wa tela da hankali ba. Wanda ya saki gona da sauƙi haka, in ji shi, ya san abin da ya binne a cikinta. Sai ya kafa rumfa a gonar ya tare, don ya kama baffa dumu-dumu. Baffa bai zo ba. Barci ne ya zo, irin wanda rabonsa da shi tun Kurmi. Wata yamma sai ga mahaifiyarsa ta biyo shi, tuwo a ka, kasko a hannu yana hayaƙi, tana cewa, "Ɗan nan, ka zo kana kwana a daji ba tsari ba komai, ko sauro ma ai ya ishe ka." Tun ba ta ƙaraso ba iska ta kwaso hayaƙin ta watsa masa. Maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi, ƙirji ya ɗaure. Ya duba gabas ya duba yamma, babu baffa, babu tuwon kowa a bakinsa, daga shi sai tsohuwar da ta fi kowa son sa a duniya. Ya ɗaga hannu ya ce da ƙyar, "Inna, tsaya nan. Kife shi." Ta kife kaskon ta ture ƙasa a kai. Ya shaƙi maganinsa, a hankali numfashi ya dawo.

Aka buɗe tagar ɗaki, aka wanke labule, aka shanya tabarma. Ciwon bai rabu da shi ba, amma ya san ta inda yake shigowa. Ko a gidan biki ya jiyo hayaƙin turare, sai ya kauce ya zauna inda iska ke kaɗawa. Abin da wanki bai gyara ba shi ne baffa. Tela ya je zaurensa ya durƙusa. Tsohon ya ajiye carbinsa ya ce, "Na yafe, ɗana. Amma mutanen da ka tara, ka je ka sake tara su." Tela ya bi su gida-gida. Da yawa cikin waɗanda suka zo jin zargi ba su sami sukunin zuwa jin wankewa ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.